Ƙaton Babur Ya Kwanta a Ƙofar Kasuwa

Ina shan shayi a ƙofar kasuwar birnin Fas sai wani saurayi ya tsaya da ƙaton babur. Ƙafarsa ta zame, babur ya kwanta, mai na ɗiga. Ya ja, ya ja, ko motsi. Wani tsoho ɗan dako ya matso.

"Ɗana, wannan babur ne ko saniya?"

"Baba, injinsa ya fi na tasi! Silinda uku. Kafin shayi ya huce na kai garin Miknas."

"Ai ga shi ina ganin gudun. Nauyinsa kilo nawa?"

"Ɗari uku da hamsin. Don Allah kira mutane, man zai tsiyaye!"

"Mutanen me? Juya masa baya, tokare kujerar da ƙugu. Riƙe kan, durƙusa. Tura da ƙafa, ba da hannu ba! Haka muke yi wa firiji."

Babur ya miƙe. Saurayin ya fashe da dariya.

"Wallahi ni kaɗai na ɗaga! Baba, me zan yi maka?"

Tsohon ya tattare jallabiyarsa.

"Shekara arba'in ina ɗaukar kayan mutane, yau a ɗauke ni. Ka bi ta gaban shagon surukina Larbi a hankali, ya gan ni da kyau."