Matar da Ta Daina Buga Wayar Litinin

Shugabar ƙungiyarmu ta masu haya, Uwargida Lorraine Pruitt. Lauyanmu, Hollis Baptiste. Dattawan cocin da suka ara mana wannan zaure. Maƙwabtana na Toledo, maza da mata: ina yi muku gaisuwar girmamawa. Ina godiya da kuka ba tsohon direban bas dama, alhali kun san bakina ba shi da birki.

Da farko, mu tuna inda muka fito. Shekara huɗu kamfanoni biyar masu gidajen unguwar nan suna ƙara mana haya a wata ɗaya, da adadi ɗaya. Ka fusata ka tsallaka titi, ka tarar farashin ya riga ka isa. Doka kuwa cewa ta yi mai gida ya yi gogayya da mai gida, kada su haɗa baki a kan ɗan haya. Mun san an haɗa, amma ba mu da hujja.

Na biyu, Noreen Zielinski, ga ta can a kujerar ƙarshe tana hararata. Shekara goma sha tara tana ofishin ba da haya na gininmu. Kowace Litinin da safe takan buga wa takwarorinta na sauran gine-gine waya, su tambayi lafiyar jikoki, sannan su karanta wa juna farashin mako mai zuwa. Haka ta tarar, haka aka koya mata, ita duk a ganinta zumunci ne.

Ranar da lauya ya fayyace mana dokar, sai ta tare ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Curtis, haɗa bakin nan da yake faɗa, ni ce fa."

Na ce, "Ke? Haba 'yar'uwa, ke da ko a karta ba ki iya ɓoye abin da ke hannunki?"

Ta ce, "Dalla rufe mini baki. Ni nake buga wayar."

Na tuna mata albashinta na kamfanin da ya mallaki gininmu ne, ɗakin da take kwana ma nasu ne. Ta ce, "Na sani. Gobe ka kai ni wurin lauyan, motata ta ƙi tashi."

Da muka kai ƙara kotu, kwana biyu ta tsaya gaban alƙali tana ba da shaida, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. An hana wayar Litinin, kuma bana masu gidaje ne ke zawarcinmu. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya cika mini ido kamar matar nan ba.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: kamfanin ya ce ya soke gurbin aikinta. Ranar Asabar za ta kwashe kaya, kuma har yanzu ba ta san inda za ta sauke su ba. Mu ɗari uku muna zaune a gidajenmu albarkacinta. Duk wanda ya san ɗakin da babu kowa, kada ya bar zauren nan bai ga Lorraine ba.

Allah ya saka wa Noreen da mafificin alheri, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.