Mai Ban Ruwan Tumatir

A tashar Bebeji, muna jiran motar Tiga ta cika, wayar wani mutum tana ta ƙara ya ƙi ɗauka.

"Ɗan nan, ɗauki mana," in ji tsohuwar da ke gefensa.

"Mai gonar da nake kula da ita ne, Inna. Wai yau in sallami Shitu, mai ban ruwanmu."

"Me ya yi?"

"Tun da matarsa ta rasu hankalinsa ba ya jikinsa. Ya bar ruwa ya kwana a tumatir. In ban kore shi ba, ni za a kora."

"Allah ya jiƙanta. Kun dai je masa gaisuwa?"

"Lokacin ana tsinka ne. Tumatir ba ya jira."

"Har kai?"

Ya sunkuyar da kai.

"To da wane ido za ka dube shi ka ce ya tafi?"