Sesoken: Na Warke, Kuma A Warke Nake

Jama'ar Dapango, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai tashe mu. Ni ce Ladi mai koko, 'yar zangon Sokode.

Ciwon barci ya kama ni bayan rasuwar mijina. Ina cikin damun koko sai gyangyaɗi, har na ƙona hannu. Likitocin Faransi suka lallatsa wuyana, suka sa ni a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa sansanin masu ciwon. 'Yata Talatu kuwa, wan mijina, Yaya Garba, ya riƙe ta.

Na sha allura har na gode Allah, aka sallame ni. Na je ɗaukar 'yata, Yaya ya tare ƙofa. Ya ce, "Ladi, wannan ciwo lafawa yake yi, ba ya warkewa. Ba zan ba gawa riƙon yarinya ba."

Gawa! Ina tsaye da ƙafafuna! Amma maganar ta shige ni. Na taho nan wurin gwaggona, ko hamma na yi sai gabana ya faɗi.

Wata Lahadi mai wa'azinmu, Malam Yakubu, ya karanta labarin matar da ta taɓa rigar Yesu, aka ce bangaskiyarta ta warkar da ita. Kun san bakina ba linzami. Na ce, "Malam, warkar ta ranar ce ko ta dindindin? Mu ma an ce mun warke."

Bai yi fushi ba. Ya ce a Helenancin da ya koya wurin Bature, kalmar da aka fassara 'warkar' ɗin aikatau ce, sesoken.

Na ce, "Sai so ke nan?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam ya ce, "Ba Hausa ba ce, Ladi. Tushenta sozo, yana nufin ceto, yana nufin warkarwa. Da aikin ranar kaɗai ake nufi, da an ce esosen, an yi an wuce. Amma da aka sa 'se' a gaba, an yi ke nan, kuma abin yana nan daram. Biki akan yi a watse, aure kuwa in an ɗaura yana nan a ɗaure."

Nan take na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, mai 'se' ɗin nake so, ba na son rabin warka!" Na yi kuka, na tashi ba tsoro.

Na koma Sokode. Likita ya ɗebi ruwan bayana ya duba, ya ce ba kome. Na zarce gidan Yaya.

Ya ce, "In ya dawo fa?"

Na ce, "Yaya, kai wa ya yi maka alkawarin gobe? Na warke, kuma a warke nake. Ba ni 'yata."

Ya shige ciki abinsa. Ni kuwa na zauna a ƙofarsa cikin rana, idona tar, maƙwabta suna jira in yi gyangyaɗi. Sun sha jira! Da la'asar sai ga Talatu da ƙunshin kayanta a ka, Yaya na biye, ya kasa haɗa ido da ni.

Talatu, tashi su gan ki. Har yau in na rufe ido cikin addu'a, sai ta girgiza ni ta ce, "Inna?"

Na gode wa Yesu! 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, aikinsa ba ya kwancewa. Mu rufe ido mu gode masa. Talatu, kada ki ji tsoro, zan buɗe.