Rigunan Baba Garba Sun Ƙi Sayuwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Lawali, tela ne ni a Gusau.

Ni da abokina mai ɗaukar bidiyo muka yi niyyar haɗa fim a kan tsofaffin sojojin yaƙin basasa, su uku da muka samu tsakanin Tsafe da Bungudu. Ba mu da mai ɗaukar nauyi, sai muka buga riguna da hoton babbansu, Baba Garba na Karakkai, mu sayar mu yi aikin.

Har kasuwar Mada na kai su. Kowa ya ɗaga ya yaba, sai ya ajiye. Wani dattijo ne ya ce mini, "Ɗana, wa zai shiga masallaci da hoton mutum a ƙirji?" Ina tela, amma wannan bai taɓa zo mini a rai ba.

Makon jiya Baba Garba ya rasu, ko muryarsa ba mu ɗauka ba. Rigunan na nan cikin buhu, na gaji da kallonsu.

Saura biyu, Malam, ɗayan ma yana kwance. Masu sauraro su ba ni shawara, me za mu buga wanda zai sayu tun suna da rai?