Kirarin Bulus ya kai Fatakwal

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne tsohon nan na Dayi da bai taɓa zama a aji ba. Ɗiyata Hajara, malama a Funtua, ita ke rubuta abin da nake faɗi.

Bara ta nuna mini abin da ake kira bulog a wayarta. Akwai na girki, akwai na siyasa, akwai na 'yan ƙwallo, kowanne da majalisarsa. Na ce, "To ina na 'yan gayya?" Ta ce, "Baba, wa zai karanta wannan?" Na ce, "Buɗe dai, ke ba ki san mutane ba."

Na ba ta labarin gayyar gonakin auduga zamanin mulkin soja, lokacin da makaɗi ke kiran kowane manomi da kirarinsa. Ta so ta cire kirarin, wai ya yi tsawo. Na ƙi, domin masu shi duk sun rasu, ni kaɗai na rage da shi a ka.

Sai ga saƙo daga Fatakwal. Ɗan aminina marigayi Bulus na Kafur ne. Ya ce tun yana jariri a goye ubansa ya rasu, bai taɓa sanin ana ce masa "Garmar ƙarfe, kunya ba ta gagare ka" ba. Ya karanta wa 'ya'yansa, har ƙaramin ya haddace.

Ina gaida shi da iyalinsa. Tsofaffin Malumfashi kuma, wanda ya riƙe kirarin wani, ya kawo kafin a kira shi.