Gadon Auta

A gaban rumfar mai tsofaffin kaya, wata mata ta tsaya ta dafe gadon jariri da hannu biyu. Wani matashi, idanunsa jajur don rashin barci, yana ta zagaya gadon.

"Yaya, na sayarwa ne?"

"Haka dai na ce da na fito daga gida."

"To ai kin riƙe shi kamar za a ƙwace miki."

"Autata ta shiga sakandare, amma gadon nan yana tsakiyar ɗakinta. A ƙasa take rubutu, don babu wurin tebur."

"To wa kike ajiye wa?"

Ta ɗan yi murmushi. "Ƙaninta. Likita ya daɗe da cewa in haƙura, ni ce ban gaya wa gadon ba."

Matashin ya sosa ƙeya. "Allah sarki. Mu kuwa ɗaya muka shirya wa, sai ga biyu. Ƙaramar a kwandon wanki take kwana."

"Kwandon wanki! Kai da uwarsu ba ku tsoron Allah?"

"Wallahi mun shimfiɗa mata tawul!"

Dariya ta ƙwace mata, har ta saki gadon ba ta sani ba.

"Ɗauka. Ƙafar hagu tana rawa, ka tokare ta da kwali."

"Nawa zan..."

"Kai dai ɗauka kafin in dawo hayyacina."

Ya ɗora shi a ka, yana ta zuba godiya. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta sauke numfashi ta juya ga mai rumfa.

"Malam, kana da ƙaramin teburin karatu?"