Kada a Ƙwace Tambarin Irmgard

Mai girma shugaban wannan ƙungiya, Reinhold Kaltenbach, dattawan kwamiti, mahautan garin Solingen da suka rufe shaguna suka zo, abokan sana'ata masu washin wuƙa, maza da mata: ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka ba ni dama, ni tsoho Egon, in yi magana kafin a ɗaga hannu don ƙuri'a, domin raina a ɓace yake.

An tara mu don a ƙwace tambarin da Irmgard Dörpfeld ke bugawa a jikin wuƙaƙen da ta wasa, wai wuƙaƙe ɗari biyu masu ɗauke da sunanta sun dawo daga hannun mahauta da tsatsa. In aka ƙwace shi yau, gobe ba ta da izinin zama gaban dutsen washi, bayan shekara arba'in da ɗaya.

Da farko, wa ya koya mana aikin? Ita ce. Ka wasa wuƙa ɗaya, ka tsoma ta a ruwan zafi, ka goge ta ta bushe, ka shafa mai, sannan ka ɗauki ta biyu. Haka ta koya mini, haka ta koya wa rabin ɗakin nan.

Na biyu, wa ya sauya wannan tsari? Kwamiti ne, ta bakin Torsten, sabon mai kula da ma'aikata, wanda ya ce a wasa wuƙaƙe akwati guda cur kafin a goge ko ɗaya, wai don sauri. Ina tsaye a wurin ta ce masa, "Torsten ɗana, wannan ƙarfen ba ya jiran kowa." Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, tsatsa cikin awa ɗaya? Sai ka ce a teku muke aiki!" Ya sa aka ɗauke tukunyar ruwan zafin. Ta yi biyayya, kuma yau biyayyar ce laifinta. Wannan zalunci ne, kuma kunya ce gare mu!

Na uku ba magana ba ce. Ga wuƙaƙe biyu naɗe cikin tsumma a kan teburinka, shugaba. Ƙarfe ɗaya ne, hannu ɗaya ya wasa su, nawa, kafin mu shigo awa guda da ta wuce. Ɗaya na goge ta yadda Irmgard ta koyar, ɗaya na bar ta jiƙe yadda kwamiti ya umarta. Buɗe tsumman. Ɗaga su jama'a su gani. Torsten, matso kusa, ai ba teku a nan.

Tambarina ne a kan mai jan bakin nan da ta yi tsatsa. In tsatsa ce ke ƙwace tambari, ku fara da nawa.

Allah ya ba mu ikon yin adalci, ya tsare hannuwanmu daga dutse, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.